Uku ga Namiji, Biyu ga Mace

A Habrinka, in ƙararrawar ƙaramin cocin bakin tafki ta kaɗa ba a lokacinta ba, kowa ajiye abin da ke hannunsa yake yi ya ƙirga. Za ta kaɗa ta kaɗa, ta ɗan yi shiru, ta sake kamawa. Zubi uku, namiji ne ya mutu. Zubi biyu, mace. Zubi ɗaya, yaro, wannan kuwa an daɗe ba a ji shi ba, Allah Ya ƙara nisanta shi. Ƙauyen gida sittin ne da 'yan kai, saboda haka kafin a gama ƙirga an san ƙofar da za a nufa. Har waɗanda ba sa taka coci sai ranar ɗaurin aure ko jana'iza, masu cewa su ba ruwansu da addini, cire hula suke yi su ƙirga da yatsu.

Shekara arba'in da ɗaya hannu ɗaya ne yake jan igiyar, hannun Jarmila Kubatova. Bakwai na safe, sha biyun rana, shida na yamma, sai kuma ranar da wani ya riga mu gidan gaskiya.

Gadon gidansu ne. A shekarar 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da Jamusawa suke bin ƙauyuka suna kwashe ƙararrawa don a narkar a yi makamai, mahaifinta Alois da maƙwabtansa biyu suka sauke ta Habrinka, suka ɗora a kan amalanken itace, suka nutsar da ita a laka kusa da magudanar tafki. Da mai rubuta sunayen ƙararrawa ya zo, Alois ya nuna masa hasumiya fayau, ya ce ai tun yaƙin farko aka tafi da ita. Shekara uku ta yi tana kwana da kifaye. Da aka gama yaƙi aka ciro ta, leɓenta ya ɗan ɓalle, shi ya sa har gobe muryarta take da ɗan dishi-dishi. Ƙauye ya damƙa wa Alois mabuɗin cocin, wani ƙaton ƙarfe mai tsawon tafin hannu, shi kuma ya kafa wa mabuɗin ƙusa a bakin ƙofar kicin ɗinsa. Ko da zamanin gonar haɗin gwiwa ya zo, lokacin da gwamnati ta haɗe gonakin mutane wuri ɗaya, shugaban gonar ya ce a daina wannan al'ada ta camfi, Alois bai yi musu ba. Ya ce shi ba addu'a yake kira ba, ma'aikata yake sanar wa lokacin cin abinci. Shugaban, da yake shi ma mai son cikinsa ne, ya bar maganar.

Jarmila ta karɓa da ƙafafun tsohon suka gaza. Shanu take tatsa a gonar haɗin gwiwa, daga baya ta tsaya a kantin ƙauye, amma duk inda take, saura minti biyar za ka ga ta goge hannu a jikin riga ta nufi bakin tafki, ta wuce ƙarƙashin tsohuwar bishiyar lipa, ta zagaya gicciyen dutse. Ba ta da tsawo, amma kafaɗunta sun fi na maza da yawa. Igiyar ta yi baƙi ta yi santsi daidai inda take riƙewa.

Mijinta Vilem direban tarakta ne, ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya, ta bar masa bakin tsiya.

"Ni fa mace na nema," yakan ce a gidan giya, "sai aka ɗaura min aure da agogo. Mutum bai isa ya kai matarsa bakin teku ba, wai wa zai kaɗa sha biyu."

"Kai tsoho, da ba don agogon ba da har yanzu kana kwance a gindin tarakta kana jiran wani ya ce maka rana ta yi."

Haka suke tun suna da baƙin gashi. 'Yarsu guda tana aure a Brno, kuma sau biyu kacal Jarmila ta kwana a can. Duka biyun ƙawarta Ludmila ce ta riƙe mata igiya, ta kuwa kaɗa ta kamar ana gobara.

Ludmila, wadda kowa ke kira Lida, ita ce rabin ran Jarmila. Benci ɗaya suka zauna a makaranta, shanu ɗaya suka tatsa, rana ɗaya suka sayi injin wanki. Ita da Vilem ne kaɗai suke kiran Jarmila da Jarka. Da Lida ta haifi Radek, Jarmila ce ta riƙe shi ranar baftisma, da mijin Lida ya mutu Jarmila ce ta kaɗa masa uku tana kuka. Kowace Talata da hantsi Lida tana kicin ɗin Jarmila, kofi a gabanta, da kolach mai zafi, wannan burodin mai zaƙi da ake cusa wa cuku a tsakiya. Shekara hamsin ba fashi.

Radek ya girma ya zama shugaban ƙauye, kuma a faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Shi ya sa aka gyara hanyar da ta hau tudu, shi ya kafa rumfar jiran bas. Aibinsa ɗaya, inuwar giginya ne, na nesa ke sha. Mutanen Prague sun sayi gidajen da masu su suka mutu, suna zuwa Juma'a su koma Lahadi, kuma duk abin da suka faɗa a kunnen Radek ya fi na wanda aka haifa a nan nauyi. Ɗaya daga cikinsu, mai gajeren wando ko da sanyi, ya kai ƙara cewa ƙararrawar ba ta da tsari. Wata rana sha biyu da minti uku, wata rana saura biyu. Ya auna da wayarsa. Ka ji mutum, ya baro birni don ya huta da agogo, ya zo yana auna hannun tsohuwa.

A bazarar da ƙauye ke shirin bikin cika shekara ɗari shida da hamsin, Vilem ya kwanta. Zuciya ce, ga huhu ya tara ruwa. Likita ya ce a yi ta lallaɓawa, kuma Vilem ya fahimci abin da ake nufi da lallaɓawa. Aka sauko da gadonsa ɗakin ƙasa, kusa da taga, ya juya lafiyayyen kunnensa wajen tafki.

Wata rana da ta dawo daga kaɗa sha biyu ya kama hannunta yana duba kantar da igiya ta yi mata.

"Ke tsohuwa, zauna mu yi magana. Ban taɓa roƙonki komai ba."

"Ƙarya kake. Kullum sai ka roƙi giya."

"To ban da giya. In lokacin ya yi, ke za ki kaɗa min. Uku cur. Kuma ki ja shirun tsakani da kyau, don waɗancan kuramen na kan tudu su ƙirga daidai, kada su ce wata tsohuwa ce ta mutu. Na sha wuya da ƙararrawar nan shekara arba'in, ko sau ɗaya dai ta yi min aiki."

"Rufe min baki. Sai ka kaɗa min tukuna."

"Ni? In kaɗa miki a ce gobara ce? Ce min kin yarda."

Ta ce ta yarda. Ta shiga kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Talatar farko ta watan Yuni Lida ta zo kamar kullum. Ta leƙa Vilem ta tsokane shi, ta ce ya rame ya koma saurayi, ya ce ta makara, an riga an yi masa kamu. Ta zauna ta ci kolach biyu. Sai da ta ɗauki na uku ta ce, idonta a kan faranti:

"Af, na kusa mantawa. Radek ya ce ki ba ni mabuɗi. Masu fenti za su zo gobe, a yi wa cocin kwalliya kafin biki."

"Su zo mana, in buɗe musu."

"Haba Jarka, ga mara lafiya a gida, ki yi ta safa da marwa? Kwana goma ne. Za su kafa katakai har sama, ko kin shiga ba ki isa igiyar ba. Ki huta. Kafaɗar nan taki ai ba ta ƙarfe ba ce."

"Kwana goma ƙauye ba ƙararrawa?"

"Ba wanda zai mutu don bai ji sha biyu ba."

Jarmila ta tashi da kanta, ta zare mabuɗin daga ƙusar da Alois ya kafa, ta sa a tafin Lida, har ta naɗe mata sauran kolach a takarda ta kai wa Radek. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai daga baya. Ba ƙwace aka yi mata ba. Da hannunta ta bayar, har da guzuri.

Kwana goman nan ta rasa inda za ta sa kanta. Saura minti biyar sai ta tsinci kanta a bakin shinge, hannu a goge, ba wurin zuwa. Ta ga motar wani kamfani a gindin lipa, ta ga masu fenti, ta ga wasu biyu da ba fenti a jikinsu suna hawa da wayoyi, ba ta kawo komai a ranta ba. Wa za ta zarga? Lida ce fa.

Rana ta goma sha ɗaya tana bayan gida tana yankar wa zomaye ciyawa, sai ƙararrawa ta kama. Muryar ita ce, da dishinta, amma bugun ba na mutum ba ne. Tazarar kowane bugu daidai da na gabansa, ba gajiya, ba numfashi. Lauje ya faɗi daga hannunta. Daga cikin ɗaki Vilem ya ɗaga murya iya ƙarfinsa:

"Jarka! Wane ne wannan? Ba hannunki ba ne!"

Ta tafi da takalmin lambu. Cocin ya yi fari fat kamar ba shi ba, ƙofa a rufe, an sa mata sabon kwaɗo ɗan ƙarami mai sheƙi. Ba kowa a ciki, ƙararrawa kuwa tana ta kaɗa kanta a sama. Agogon hannunta ya nuna sha biyu cif.

Lida tana shanya da Jarmila ta iso gidanta. Ta ga fuskar Jarmila, ta ci gaba da maƙala riga a igiya kamar rigar ce za ta cece ta.

"Kin sani," in ji Jarmila.

"Jarka, bari in yi miki bayani."

"Kin sani ranar da kika zauna a kicin ɗina kina cin kolach ɗina."

"Majalisar ƙauye ce ta yanke, tun watan Afrilu. Na'ura ce, daga wayar Radek ake sarrafa ta. Ya ce in shi ya zo ba za ki ba shi ba, za ki kore shi da tsintsiya."

"Da na kore shi. Shi ya sa aka aiko wadda ba zan kora ba."

"Don ke aka yi! Shekararki saba'in da biyu. Bara a kan ƙanƙara kika faɗi a gaban gicciye, kin zaci ban gani ba? In kika karye wa zai duba Vilem?"

"To me ya hana ki faɗa min haka a fuskata? Bakinki ciwo yake yi? Shekara hamsin, Lida. Kin san sirrin da ko 'yata ba ta sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ashe ke ce tsagar."

Lida ta fara hawaye. Jarmila ba ta ji tausayinta ba ko kaɗan, abu ɗaya ne a ranta, ta kuwa faɗe shi.

"Na yi wa Vilem alkawari. Ni zan kaɗa masa."

"Za ki kaɗa! Na rantse miki da kabarin mijina. Na'urar ta safe da rana da yamma ce kawai. Igiya tana nan inda take, don mutuwa aka bar ta. Ranar da kike bukata za a buɗe miki. Ni na sa Radek ya yi haka."

Jarmila ta daɗe tana kallonta. Mutum in yana nutsewa ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Ta juya ta koma gida, ta gaya wa Vilem cewa na'ura ce, amma an bar igiya don mutuwa.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Ƙarfe ya yi aikin ƙarfe. Ni dai nawa na hannu nake so." Ya juyo ya dube ta. "Kada ki yanke Lida. Tsoron ɗanta take yi, ba ƙinki ba."

Ba ta yanke ta ba, ba ta kuma mayar da ita ba. Lida ta ci gaba da zuwa Talata, ana ba ta kofi, amma kolach ya ƙare a gidan. Biki ya zo ya wuce da makaɗa da tsiren alade, Radek ya yi jawabi a gindin lipa ya ambaci Alois har sau biyu, aka tafa. Jarmila tana gida, ta rufe taga. Sau uku a rana na'urar tana yi mata gori, ita kuwa tana haɗiyewa. Sau da yawa ta yi niyyar cewa a buɗe mata ta ga igiyar da idonta, sai girman kai ya hana ta roƙon shiga inda ta yi shekara arba'in tana shiga ba sallama. Akwai kuma tsoro, wanda ba ta yarda ta kira shi da sunansa ba.

Vilem ya cika a watan Oktoba, ranar Alhamis da hantsi, makon da aka zuƙe ruwan tafki don kamun kifi. Ta kawo masa shayi, ya ce ya yi zafi, ta ajiye a taga ya huce, ta juyo ta tarar ya tafi. Ta rufe masa ido. Ta kira likita, ya zo ya ajiye farar motarsa a ƙofar gida inda duk ƙauye zai gani, ya yi rubuce-rubucensa. Ta kira 'yarta. Sannan ta wanke hannu, ta sa baƙar riga, ta kira Radek.

"Radek, Vilem ya rasu. A kawo min mabuɗi."

"Wayyo, Gwaggo! Wayyo. Sannu, Gwaggo, sannu. Ina birni wajen taro, sai yamma zan dawo. Amma kada ki wahalar da kanki, daga nan ma zan iya, yanzun nan. Wannan kaɗai zan iya yi wa Kawu Vilem."

"Kada ka taɓa! Radek, ka ji ni? Mabuɗi na ce..."

Ya riga ya kashe. Da zuciya ɗaya ya yi, shi a ganinsa alheri ne.

Tana tsakar gida, waya a hannu, ƙararrawa ta kama. Jarmila ta tsaya ƙiƙam. Shekara arba'in da ɗaya tana kaɗawa, yau ce rana ta farko da ta tsaya a cikin masu ƙirga. Zubi na farko ya ƙare. Shirun tsakani gajere ne, ko numfashi biyu bai kai ba. Zubi na biyu ya zo ya ƙare. Ta jira.

Agwagi suna kuka a lakar tafki. Wata mota ta wuce a hanyar tudu. Ta ci gaba da jira, leɓenta yana motsi, har likita ya fito ya tsaya a bayanta da jakarsa. Na uku bai zo ba.

Daga baya aka san yadda aka yi. Ranar da aka haɗa na'urar, ma'aikacin kamfanin ya tambayi Radek zubi nawa ake yi wa mamaci. Radek, wanda tun yana yaro uwarsa ce take ƙirgawa ta gaya masa, ya tuna jana'izar ƙarshe da aka yi, ta wata tsohuwa, ya ce biyu. Aka saita biyu ga kowa. Mace ɗaya ce a duk ƙauyen da za a tambaya, ita ce kuwa aka ɓoye wa.

Ihu ta fara ji kafin ta ga mai shi. Lida ce a guje daga ƙasan layi, mace mai shekara saba'in da biyu, da takalmin roba, ƙasar dankali har gwiwa, ɗankwali ya zame.

"Jarka! Jarkata! Wayyo ni, na kashe ta! Ban nemi gafararta ba!"

Bayanta mata uku ne ko huɗu, da wani dattijo riƙe da hula. Duk sun ga motar likita tun ɗazu, duk sun ƙirga biyu. Lida ta banko ƙofar shinge, ta yi karo da Jarmila tsaye cikin baƙar riga. Ta ja da baya, bakinta a buɗe. Ta miƙa hannu mai laka ta taɓa mata kunci.

"Biyu na ƙirga," ta ce da ƙyar. "Ga motar likita... na ce ke ce."

"Daidai kika ƙirga. Vilem ne. Ina mabuɗi?"

"Jarka..."

"Ke kike share cocin yanzu, an gaya min. Yana jikinki. Mu je."

Suka tafi, Jarmila a gaba, Lida a baya, sauran suna binsu nesa-nesa. Tafkin ba ruwa, sai laka baƙa da ɗan kwararo a tsakiya, har ana hango gindin magudana inda ƙararrawar ta taɓa kwana. Sai da Lida ta gwada sau uku kwaɗon ya buɗe.

Warin fenti ne ya tare su. An sa sababbin furanni na roba. A bangon hagu akwai wani akwati mai ruwan toka da 'yar fitila koriya. Jarmila ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta taka zuwa inda ƙafafunta suka sani, inda dutsen daɓen ya lotsa saboda tsayuwarta da ta mahaifinta, hannayenta suka tashi da kansu. Suka kama iska.

Ta ɗaga kai. Ramin da igiya ke saukowa ta cikinsa an toshe shi da siminti, an shafe da fenti, sumul, ko alama babu. Ƙugiyar bango da take naɗe bakin igiyar ita ma an cire.

"Tun yaushe?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Tun ranar farko." Muryar Lida kamar ta yarinya. "Sun ce na'ura ba ta aiki da igiya a jiki. Na roƙi Radek, ya ce ba yadda za a yi. Da kika zo min ina shanya, na ga fuskarki, sai bakina ya faɗi abin da kike son ji. Kullum ina cewa Talata mai zuwa zan gaya miki. Na zaci Vilem zai kai bazara mai zuwa, na ce kafin nan zan san dabara."

"Da kabarin mijinki kika rantse. Ni na kaɗa masa."

"Na sani."

"Ina igiyar?"

"Tana ofishin ƙauye. An sa ta a gilashi don biki, an rubuta sunan Baba Alois a ƙasa."

Jarmila ta yi wata 'yar dariya wadda ta fi kuka ciwo. Ta sauke hannayenta, ta rasa inda za ta ajiye su, ta haɗa su a gaba.

Wayar Lida ta yi ƙara a aljihu. Radek ne, wani ya riga ya gaya masa. Ana jin muryarsa a cikin ɗan cocin, yana ta ba da haƙuri. Ya ce zai sake dannawa yanzu.

"Ka sake dannawa ya zama huɗu?" in ji Lida tana kuka. "Huɗu na wane ne, kai sakarai?"

Radek ya ce to zai kira kamfani, gobe da safe su saita uku, a kaɗa wa Kawu Vilem ko sau nawa Gwaggo take so. Ko a kawo tsani wani ya hau ya buga da guduma. Lida ta miƙa mata wayar da hannu biyu.

Jarmila ba ta karɓa ba.

"Ce masa a bar ta. Vilem ba uku kawai ya roƙa ba, hannuna ya roƙa, kun kuwa yanke shi. Ƙararrawar nan ta kwana a laka shekara uku ba ta yi ƙarya ba, ba za a fara sa ta janye magana yau ba. Ta ce mace ta mutu a Habrinka. Kin zo da gudu kin yi kukanki, na gani, na gode. Ki riƙe kukan, shi ne rabonki. Talata kada ki zo."

Lida ta durƙushe a kan benci. Ta laluba aljihun rigar aikinta ta fito da wani abu a naɗe cikin hankici, tsohon mabuɗin Alois. Tun watan Yuni yake jikinta, ta kasa mayarwa, ta kasa yarwa. Yanzu ba ya buɗe komai a duniya. Jarmila ta karɓa don nata ne, ta ratsa mutanen da ke bakin ƙofa ta fita.

A gida likita ya tafi. Shayin yana taga, ya huce. Ta ciro wa Vilem kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, wadda ya sa ranar auren 'yarsu, ta goge ta, ta zura mabuɗin a aljihun ƙirji. Sannan ta ja kujera ta zauna ta ɓangaren lafiyayyen kunnensa, ta kama hannunsa.

"Tsoho, ka ji abin da suka yi maka. Abin da ka ce kada a yi, shi aka yi, mutanen tudu suna can suna cewa wata tsohuwa ce." Ta buɗe tafinta ta dubi kantar. "Na ukun yana nan a hannuna. Na je da shi, ban sami inda zan sa shi ba."

Sha biyu ta yi cif, ƙararrawa ta kama kaɗa kanta. Jarmila ta tashi ta rufe taga.